Ganima, Toniya da Takarda: Waiwaye daga Bomo

Wanda ya tashi daga Sabon Gari ya bi titin Sakkwato, ya wuce Kwangila da Palladan da Zango, zai iske Samaru a damansa, katangar Jami'ar Ahmadu Bello a hagunsa. Bomo tana can baya, inda gidajen hayar ɗalibai suke ƙarewa gonaki su karɓa. Garin ya girmi jami'ar da aka buɗe a 1962, ya girmi tashar binciken aikin gona da Turawa suka kafa a shekarun 1920, amma yau duk baƙon da zai je Bomo da Samaru ake yi masa kwatance.

Manoman wannan yanki sun daɗe da sanin wani baƙin dunƙule mai nauyi, mai huji-huji, da garma ke tonowa lokacin huɗa. Kashin maƙera ne, a tsince shi a wurga kan iyakar gona a ci gaba da aiki. A shekarun 1970 wani malamin jami'ar mai binciken kufai, John Sutton, ya bi sawun wannan kashi a kwarin Kubanni, ya yi tono a wurin da aka yi wa laƙabi da Samaru ta Yamma. Ya iske gindin murahun narka tama, da bututun yumɓu da ake zuga iska ta cikinsu, da tsibin kashin maƙera. Da aka auna shekarun gawayin da ke wurin, sai aka ga ashe mutane suna narka ƙarfe a nan fiye da shekara dubu da suka wuce, tun ba a ji ɗuriyar Bakwa Turunku ba, balle Sarauniya Amina, balle ganuwar Zariya. Aka rubuta rahoto da Turanci, aka kai tsingaro da sauran abin da aka tono ma'ajiya. Babu wanda ya ƙwaci komai a hannun kowa. Duk da haka da wuya a sami ɗan firamare a Bomo da aka taɓa gaya wa cewa ƙasar da ubansa ke nomawa ta taɓa zama matattarar masu narka ƙarfe.

Daga irin wannan wuri, labarin dawo da kayan tarihi da ya cika gidajen rediyo a 'yan shekarun nan yakan zo da wani ɗanɗano dabam.

Na Benin ne ya fi tashe. A watan Fabrairun 1897 sojojin Ingila suka ci birnin, suka kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa daga fadar Oba Ovonramwen, shi kuma suka kai shi Kalaba, can ya ƙare kwanakinsa. Aka yi gwanjon kayan, suka bazu Turai da Amurka. Shekara tamanin bayan haka Najeriya ta zaɓi fuskar Sarauniya Idia ta hauren giwa ta zama tambarin bikin FESTAC na 1977, ta nemi aronta daga babban gidan tarihin Birtaniya, aka hana ta, tilas aka sa masassaƙa suka yi kwafi. Sai a 2021 ƙofa ta fara buɗewa: a watan Oktoba wata kwaleji ta Jami'ar Cambridge ta miƙa zakaran tagulla, Jami'ar Aberdeen ta miƙa kan wani Oba. A Yulin 2022 Jamus ta sa hannu kan mayar wa Najeriya mallakar kaya fiye da 1,100, a Disamba ministar harkokin wajenta Annalena Baerbock ta kawo kashin farko Abuja da kanta. A Yunin 2025 Holan ta dawo da 119. Shi kuwa gidan tarihin Birtaniya, mai riƙe da kusan 900, har yau yana fakewa da dokar 1963 da ta hana shi rabuwa da abin da ke hannunsa.

A majalisar mai shayi a Samaru ko a tashar babura ta Bomo, wannan duka al'amarin mutanen Edo ne, ko da yake wanda ya riƙa karɓo kayan da sunan ƙasa a farkon tafiyar ɗan Arewa ne, Farfesa Abba Isa Tijani, shugaban hukumar gidajen tarihi ta lokacin. In aka matsa, tambayar da za a ji ita ce: mu me aka ɗaukar mana?

To, Arewa ta ga dawowar ganima tun da daɗewa. Kano ta faɗi a hannun Turawa ran 3 ga Fabrairun 1903, Sakkwato ran 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya nufi gabas da jama'a masu yawa, suka cim masa a Burmi, aka kashe shi ran 27 ga Yuli tare da ɗaruruwan mutanensa. Tutarsa ta shiga hannun Turawa, aka kai ta Ingila. Ta yi shekara hamsin da 'yan kai a can, sai da aka sami mulkin kai a 1960 aka dawo da ita, aka miƙa wa Sarkin Musulmi Abubakar na uku a bainar jama'a. Sardauna Ahmadu Bello ya kawo labarin a littafin tarihin rayuwarsa.

Ba a yi kwamiti ba, ba a kai ƙara Majalisar Ɗinkin Duniya ba. Tutar ta dawo ne saboda tana da mai ita. An san wanda ya riƙe ta, an san ranar da ta faɗi, an san gidan da za ta koma, kuma ɗan wannan gida shi ne Firimiyan Jihar Arewa. Dalilin da ya sa tagullar Benin take dawowa ke nan: tun daga Oba Akenzua a shekarun 1930 har zuwa mai ci yanzu, fadar ba ta taɓa daina neman kayanta ba. Duk abin da aka ga ya kamo hanyar gida, akwai wani da ya ƙi mantawa da shi, yana kiran sunansa shekara da shekaru.

Abin da Turawa suka fi kwaɗayi a Arewa ma ba ado ba ne, takarda ce. Wasiƙun Larabci da aka iske a gidan Wazirin Sakkwato Buhari a 1903, na sarakuna da ke kai rahoto da neman shawara yayin da Nasara ke matsowa, su ne H. F. Backwell ya fassara ya buga a 1927, kuma ta wannan fassarar ce yawancin ɗalibai suka san abin da kakanninsu suka rubuta wa juna a shekarun tashin hankali. Faransawa sun yi wadda ta fi wannan a yamma. Da Archinard ya ci Segu a 1890, ya kwashe taskar gidan Alhaji Umaru Futi, malamin nan da ya zauna Sakkwato shekaru ya auri 'yar Sarkin Musulmi Bello. A Nuwamban 2019 Faransa ta miƙa wa Senegal takobin da ake jingina masa, aka yi biki a Dakar. Ɗaruruwan littattafan gidan kuwa suna nan a babban ɗakin karatu na Faris. Takobi ya fi daɗin ɗaukar hoto.

Zariya ba a yi mata irin ta Kano ba. Sarki Kwasau ya nemi taimakon Turawa a kan Nagwamatse na Kwantagora da ya addabi ƙasar, suka shigo a 1902 ba tare da an gwabza ba, ba su daɗe ba suka tuɓe shi. Wanda ya zo neman tsofaffin kayan sarautar Zazzau, ba Landan za a nuna masa ba, Suleja za a nuna masa. Lokacin jihadi, da Malam Musa ya shigo da tuta, Sarki Makau ya fice kudu da jama'arsa da abin da suka iya ɗauka. Ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wanda ya koma Suleja da babban birnin tarayya ya ɗauke sunan. Littafin tarihin Abuja da Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta ya lissafa kayan sarautar da ke can, har da Alƙur'ani da takobi da tambura, kuma har yau Sarkin Zazzau ake kiran sarkin Suleja. Babu mai cewa a dawo da su, kuma babu dalilin cewa haka: masu su ne suka tafi da abinsu. Amma misalin ya nuna tambayar wane ne magajin abu ba ta da amsa ɗaya ko a cikin gida. Akwai kuma abin da ba a cika son faɗa a birni ba, cewa Zazzau ita ma ta ci ganima, ta kamo bayi daga ƙabilun kudancinta ta cika rinjoji da su. Jikokin waɗancan mutane suna da nasu lissafin abin da aka ɗauke musu, kuma ba Bature ne a farkon jerin ba.

Daga ƙasar tasu ce babbar asarar ta fito, kuma ba da bindiga ba.

Sabon Gari jirgin ƙasa ne ya haife shi, da dogo ya iso Zariya a 1911. Daga nan aka ja wani siririn layi zuwa Jos da Bukur, aka gama shi a 1914, ya yi ta jigilar kuza har aka rufe shi a 1957. Wannan haƙar kuza ita ta fallasa abin da ke ƙarƙashin ƙasa. A 1928 leburori suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba. A 1943 aka kawo wa wani matashin jami'in mulki mai suna Bernard Fagg wani kan daga wajen Jama'a, wanda mai shi ya kafa a gonar doya don tsorata masu ɓarna. Fagg ya lura da kamar da ke tsakanin biyun, idanu masu kusurwa uku da huji a tsakiya, ya bi ma'aikatan kuza yana roƙonsu su daina fasa irin waɗannan abubuwa. Abin da ya tara shi ya zama harsashin gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952. Bincike na baya-bayan nan ya nuna mutanen Nok sun zauna yankin tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, suna noman gero, sun kuma fara gasa waɗannan siffofi wajen shekara 900 kafin haihuwarsa. Kaɗan ne a Afirka kudu da Sahara suka kai su daɗewa.

Dokar kare kayan tarihi ta 1953 ta hana fitar da su ba izini, dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ta ƙara ɗaurewa, Najeriya kuma ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970. Duk wannan bai hana abin da ya faru a shekarun 1990 ba. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, noma ya daina riƙe gida, dillalai suka shigo ƙauyuka da kuɗi a hannu. A yankin Kaciya da Kagarko da gefen Abuja, matasa suka ajiye fartanya suka ɗauki diga. Aka yi ta rarake kufai, a ciro kai a jefar da gangar jiki in ta farfashe, a naɗe a buhu a bi da shi ta Kwatano ko Lome zuwa Brussels da Faris. Wanda ya tono ya sami abin cefane na 'yan makonni, wanda ya sayar a Turai ya sami na gina gida. A Kwatarkwashi ta Zamfara da wasu sassan Katsina aka yi irin wannan, har ta kai siffofin da ake kira na Sakkwato da na Katsina kusan duk ta kasuwa duniya ta san su, babu masanin da ya gan su a inda suke kwance. Haka aka yi wa Bura a Nijar bayan an nuna kayanta a Faris a 1993. A shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa su duka cikin jerin kayan da ke cikin haɗari.

Ga bambancin da ke tsakanin ganima da toniya. Tagullar Benin in ta dawo, ta dawo da labarinta, don an san ɗakin da aka ciro ta. Kan Nok da aka fizge daga rami ba awo ba rubutu, ko ya dawo ya dawo bebe. Ba a san garin da ya fito ba, ba a san ko a kabari yake ko a tsakar gida ba, ba a san me ke gefensa ba. Amurka ta dawo da guda goma a 2012, Faransa ta dawo da biyar a 2013, duk kamun kwastan ne, an gode. Amma ramin da aka lalata babu kwastan da zai dawo da shi.

Jamusawan Jami'ar Frankfurt ƙarƙashin Peter Breunig sun fara tono na ilimi a 2005, su ne suka gyara lissafin shekarun Nok. Ba su tsira daga zargi ba. A 2012 Zacharys Gundu, malamin binciken kufai a nan Samaru kuma shugaban ƙungiyar masu wannan fanni ta ƙasa, ya fito fili ya soki yadda ake tafiyar da aikin, su kuma suka musanta. Da aka tashi baje kolin abin da aka samu a 2013, a Frankfurt aka fara yi, wanda ya ƙara hura wutar. Daga baya aka dawo da kayan gida. A Fabrairun 2017 masu garkuwa da mutane suka sace Breunig da abokin aikinsa a Janjala, suka kashe mutum biyu 'yan yankin da suka bi sawu. An sako Turawan bayan 'yan kwanaki, amma aikin daji bai sake komawa yadda yake ba. Dajin da ya gagari masu bincike bai gagari masu diga ba.

Akwai dalilin da ya sa duk wannan bai tayar da jijiyar wuya a Zariya ko Kano ba, kuma ɓoye shi ba zai amfani kowa ba. A idon Musulmi da yawa, da Kiristocin kudancin Kaduna da yawa, waɗannan abubuwa gumaka ne, kayan jahiliyya, wanda ya raba ka da su ya rage maka kaya. Wannan tunani yana da tushe, ba abin yi wa dariya ba ne. Sai dai ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Babu mai cewa a bauta wa kan yumɓu. Abin da ake cewa shi ne shaida ce, mai nuna cewa mutanen wannan ƙasa sun iya sarrafa wuta da ƙasa da ƙarfe tun zamanin da ake cewa ba su da tarihi. Misira ƙasar Azhar ce, ba ta jefar da kayan Fir'auna ba, ba ta kuma daina neman waɗanda ke Landan da Balin ba.

Abin mamaki, a Samaru ɗin nan aka fara ɗaukar waɗannan kaya da daraja ta wata fuska. A 1958 wasu ɗaliban zane na kwalejin da ta zama jami'a daga baya, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce ba za su ci gaba da kwaikwayon zanen Turai kaɗai ba, za su koma ga fasahar gida su haɗa da abin da suka koya. Nwoko har ya gina matoya ya riƙa gasa siffofi irin na Nok. Kusan dukansu 'yan kudu ne, sun gama sun koma da abin da suka tsinta. Maƙwabtansu na bayan katanga ba su ji labari ba.

Hanya ta uku da kaya suka bi suka fita ita ce ta alƙalami da ciniki, kuma ita ce ta fi wuyar hukunci don babu laifi a cikinta. Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano, ya rasu a 1962 ya bar littattafai da takardu fiye da 3,000. Suna Jami'ar Northwestern a Amurka, saye aka yi, an kuma adana su da kyau. A Giwa, nan gaba da Samaru kaɗan, Baba ta Karo ta zauna da Mary Smith a 1949 da 1950 ta ba ta labarin rayuwarta: hare-haren masu kamun bayi, zaman rinji, aure da saki, bori, zuwan Turawa yadda matan ƙauye suka gan shi. Da Hausa ta faɗa, da Turanci aka buga a Landan a 1954, bayan rasuwarta. An karanta shi a jami'o'in duniya shekara da shekaru. A kasuwar Giwa kuwa, wa ya san ta?

Malaman Samaru sun yi ƙoƙarin toshe wannan ɓaraka tun da wuri. Abdullahi Smith, wanda ya kafa sashen tarihi a 1962, ya jagoranci shirin binciken tarihin Arewa, aka bi gidajen malamai ana aron littattafai a ɗauki hotonsu a mayar wa masu su. Shi ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Ɗalibansa, irin su Yusufu Bala Usman, suka shiga ƙauyuka da rikoda suna zama da tsofaffi, suka tilasta wa duniya ta yarda cewa abin da dattijo ya riƙe a ka hujja ce da za a auna kamar takardar Razdan. Daga wancan lokaci zuwa yau ɗaliban tarihi da na labarin ƙasa da na Hausa da na aikin gona sun yi ta zarya a Bomo da Basawa da Biye da Shika, don su ne ƙauyukan da kuɗin mota ke iya kaiwa. An tambayi dattawa asalin gari, an tambayi mata waƙoƙin daka da na aure, an auna gonaki, an ƙirga shanu. Da yawa daga cikin waɗanda aka tambaya sun kwanta dama. Abin da suka faɗa yana cikin kundayen digiri a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, wasu an ɗora su a rumbun intanet na jami'ar mai suna Kubanni, da Turanci. Jikan da ke son sanin abin da kakansa ya ce sai ya san sunan ɗalibin da ya zo da shekarar da ya zo.

A nan ne ya kamata masu tarihi su leƙa maƙwabtansu na aikin gona. Su ma sun karɓi iri daga hannun manoman ƙauyukan nan, dawa da gero da wake da gyaɗa, suka kai ɗakin gwaji. Amma ba su tsaya nan ba. Iri ya dawo gona da sunan Samaru a jikinsa, SAMMAZ na masara, SAMSORG na dawa, SAMNUT na gyaɗa, SAMPEA na wake, kuma aka kafa cibiya sukutum, NAERLS, wadda aikinta shi ne mayar da sakamakon bincike ga manomi, da Hausa, ta rediyo da takarda da bakin malamin gona. Kowane ɗan Bomo ya san malamin gona. Tarihi bai taɓa samun nasa ba. An yi masu tattarawa, an yi masu adanawa, ba a yi mai kai saƙo gida ba, alhali Zariya ce garin Gaskiya Ta Fi Kwabo, inda tun 1939 Abubakar Imam ya nuna babu abin da ba za a iya bayyana wa talaka da harshensa ba.

Wannan giɓi shi ke jiran duk abin da zai dawo daga waje. A Maris na 2023 Shugaba Buhari ya fitar da sanarwa cewa Oba ne mai mallakar kayan Benin da aka dawo da su, aka yi ta ja-in-ja tsakanin fada da gwamnatin jiha da hukumar gidajen tarihi, wasu Turawa suka sami abin fakewa. Amma ko ba komai ana rigima ne don masu so sun yi yawa. Kan Kwatarkwashi in ya sauka filin jirgin Abuja gobe, wa zai zo tarbarsa? Zai shiga sito ne, a rubuta masa lamba, ya zama kamar saƙon da aka ajiye a tasha ba a gaya wa mai shi ba. Sito ɗin ma ba kullum yake da aminci ba. A Janairun 1987 ɓarayi suka shiga gidan tarihin Jos suka kwashi kaya, ciki har da kan tagulla na Ife. A 2007 hukumomin Beljiyam da kansu suka yi gwanjonsa cikin kayan da aka ƙwace, a kan kuɗin da bai kai Yuro 300 ba, sai a 2017 aka gane shi a Ingila da aka kai shi kasuwa. Masu cewa a bar kayan a Turai sun fi tsaro sukan kawo labarin Jos, su manta da rabinsa na Beljiyam, su kuma manta cewa a 2023 gidan tarihin Birtaniya ya amsa da bakinsa cewa kaya kusan 2,000 sun ɓace ko sun lalace a hannunsa.

Abin da ba ya ɗaukuwa ma bai tsira ba. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa da azara a shekarun 1830 zamanin Sarki Abdulkarimu, yana cikin gine-ginen da masana suka fi yabawa a Afirka ta Yamma saboda bakan-gizonsa. A shekarun 1970 aka lulluɓe abin da ya rage na tsohon ginin da sabon gini na siminti. Ran Juma'a 11 ga Agustan 2023, ana sallar La'asar, wani sashe ya rufto, mutane da dama suka rasu, Allah ya ji ƙansu. Wanda yake son ganin yadda Babban Gwani ya tsara shi tun farko, sai ya dogara da awon da wani masanin gine-gine ɗan Poland, Zbigniew Dmochowski, ya yi, da kwafin masallacin da ya sa aka gina a Jos. Baƙo ne ya auna, a wani gari aka ajiye, kuma ba don haka ba da asarar ta fi haka.

Akwai wata rana da ke tafe wadda za ta gwada ko wani abu ya sauya. A ƙarshen shekarun 1990 gwamnatin Faransa ta sayi siffofin Nok biyu da na Sakkwato ɗaya daga hannun wani dillali a Brussels, duk da sanin cewa doka ta hana fitarsu. Da aka baje na Nok a gidan tarihin Louvre a Afrilun 2000, aka yi ca, har masanin nan na Cambridge, Colin Renfrew, ya soki Shugaba Jacques Chirac a fili. Hukumar gidajen tarihi ta Najeriya ta ƙi amincewa da cinikin, amma Chirac ya bi ta wajen Shugaba Obasanjo. A 2002 aka daidaita: Faransa ta yarda kayan na Najeriya ne, Najeriya ta yarda ta ba ta aronsu na shekara 25, da damar sabuntawa. Wa'adin zai cika a 2027. Biyu daga cikin ukun daga yankin Nok suka fito, kuma akwai sashen binciken kufai a nan Samaru. In babu wanda ya rubuta takarda daga Kaduna ko Kwoi ta ƙasar Jaba ko Zariya kafin lokacin, sabunta aron sa hannu biyu kawai yake bukata.